Wai Ya Yi Gardama Da Hukuma

Akwai wata magana da ta zama sabulun wanke laifi a bakin 'yan sandan ƙasar nan. Duk lokacin da aka dawo wa iyaye da ɗansu da karyayyen hannu, ko aka ce su je ɗakin ajiye gawa na asibiti su duba ko nasu yana ciki, to bayanin da za su ji sananne ne: wai ya yi gardama da hukuma, wai ya yi yunƙurin gudu, wai ya kai hannu zai ƙwace bindiga. Da an faɗi haka shi ke nan, an rufe bakin kowa. Ba a ƙara tambayar dalilin da ya sa aka je kama shi tun farko, ko akwai takardar kamu ko babu, ko ma shi ne ake nema ko yayansa ne. Laifin gardamar ya haɗiye duk sauran tambayoyin.

Babu inda wannan magana ta tona asirin kanta kamar Maiduguri a ranar 30 ga Yuli, 2009. Sojoji sun kama Muhammad Yusuf da ransa, suka miƙa shi ga 'yan sanda da ransa, bayan 'yan sa'o'i aka nuna gawarsa, aka ce wai gudu ya so yi aka harbe shi. Daga baya hotuna suka fito, ga gawar da ankwa a hannu. Ba sai mutum ya yarda da tafarkin mamacin ba, tafarkin da ya jawo wa Musulmin ƙasar nan bala'in da har yau ba a fita daga cikinsa ba, kafin ya gane cewa mai ankwa a hannu a tsakiyar hedikwatar 'yan sanda ba shi da inda zai gudu. Idan an iya faɗin haka a kan mutumin da idon duniya ke kansa, ina ga ɗan talakan da aka ɗauke a teburin mai shayi?

To, abin da ke gaban matasan 'yan'uwa ke nan. Su ne ke dawowa daga karatu da daddare, su ne ke kan babur, su ake tararwa a majalisa idan an fito samame ana kamun kan mai uwa da wabi. Ran da hannun ɗan sanda ya sauka a wuyan rigar ɗan'uwa, alhali ya san bai ci na kowa ba, me zai yi? Jinin ƙuruciya yana da amsarsa, tsoro ma yana da tasa, kuma duka biyun azzalumi suke yi wa aiki.

Da farko a san abin da dokarsu ta ce, domin da ita za su yi hukunci ko an yarda da ita ko ba a yarda ba. Sashe na 98 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya ce dukan ɗan sanda, ko tare masa hanya, ko turje masa yana bakin aikinsa laifi ne, hukuncinsa tarar Naira dubu 500 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun, kuma wanda ya taya ko ya zuga shi ma yana ciki. Final Kod da Arewa ta gada tun 1960 shi ma yana da nasa sassan a kan turje wa kamu da ƙwatar wanda aka kama. Lauyoyi za su ce ai dokar tana magana ne a kan kamun da aka yi bisa ƙa'ida. A takarda maganar tana da kyau. Amma wa zai tantance ko kamun bisa ƙa'ida ne? Alƙali ne, bayan watanni, a cikin kotu. A bakin titi da ƙarfe goma na dare babu alƙali, kofur ne da bindiga da abokan aikinsa uku, waɗanda su ne za su zama shaidu gobe. Ga shi kuma doka ta ba ɗan sanda ikon kama mutum ba tare da takarda ba matuƙar yana da zato mai dalili, zato kuwa ana iya ƙirƙirarsa bayan an gama dukan.

Abin bai tsaya a tara da ɗauri ba. Sashe na 33 na tsarin mulkin 1999, wanda ya ce kowa yana da haƙƙin rayuwa, shi ne kuma ya buɗe wata ƙofa a ƙarƙashinsa: ba za a ɗauka an tauye wannan haƙƙi ba idan mutum ya mutu sakamakon ƙarfin da ya zama dole a yi amfani da shi wajen kama shi bisa doka, ko hana shi tserewa, ko murƙushe tarzoma. Shekaru masu yawa kuma rundunar tana aiki da wani umarni nata mai lamba 237, wanda ya halatta harbin mai gudu idan laifin da ake zarginsa da shi mai nauyi ne. An sake fasalin umarnin a 2019, to amma gyara takarda ya fi gyara ɗabi'ar mai yatsa a kan kunamar bindiga sauƙi. Ke nan wanda ya fizge hannunsa ko ya ruga ya ba su tuhuma ta gaske a madadin ta ƙaryar da suka zo da ita, ya halatta musu dukan da dama suna da niyyar yi, idan kuma ƙaddara ta faɗa, ya rubuta musu rahoton mutuwarsa da hannunsa. Kamun da asalinsa haramun ne sai ya koma wankakke tas.

Don haka matsayin wannan jarida a fili yake. Ɗan'uwa kada ya yi kokawa, kada ya gudu, kada ya ɗaga hannu, ko da ya tabbata zalunci ne ƙarara. Ya tsaya, ya bar hannuwansa inda ake ganinsu, ya tambaya cikin natsuwa wane laifi ya yi, wane caji ofis za a kai shi. Ya faɗi sunansa da unguwarsu yadda na kusa za su ji. Waɗanda ke tare da shi kada su yi yunƙurin ƙwatarsa, kada kowa ya ɗauki dutse. An san maganar za ta yi wa wasu ɗaci, za a sami mai cewa ai wannan ƙasƙanci ne, Musulmi ba ya miƙa wuya ga azzalumi. To miƙa hannu ga ankwa daban, yarda da zalunci daban. Jarumtar da za ta ƙare da gawa ɗaya, da mutum ashirin a bayan kanta, da baburan unguwa a ƙone, sannan a wanke wanda ya fara zaluncin, wa ta amfana? Wanda ya zo yana neman hujja, hana shi hujjar shi ne matakin farko na tunkararsa, kuma duk wanda ya taɓa shan mari a gaban jama'a ya san danne zuciya ya fi ramawa wuya.

Sai dai akwai ɗaya ɓangaren, kuma su ne suka fi yawa a cikin al'umma. Da zarar yaro ya fito, an biya abin da aka biya, sai su ce a bar wa Allah, ba a shari'a da hukuma, faɗan da ya fi ƙarfinka mai da shi wasa. Wannan ba tawakkali ba ne, domin wanda ya karɓi kuɗin yau ya gane cewa unguwar nan gona ce, gobe zai dawo girbi. Malaman tarihi sun kawo labarin wani Baƙibɗe, talakan Masar, da ɗan gwamna Amru bin As ya zane da bulala don ya tsere masa a sukuwa. Mutumin bai rama a filin sukuwa ba, da ya rama da dakarun gwamna sun gama da shi, labarin ya mutu a nan. Bai kuma koma gida ya naɗe hannu ba. Ya ɗauki ƙafa tun daga Masar har Madina ya kai kuka gaban Halifa Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, aka kirawo gwamna da ɗansa, aka miƙa wa Baƙibɗe bulala a bainar jama'a. Annabi Yusuf (AS) ya yi shekaru a kurkuku ba da haƙƙi ba, amma ran da manzon sarki ya zo kiransa bai yi rawar jiki ba. Ya mayar da manzon, ya nemi a buɗe maganar da aka ɗaure shi a kanta, sai da aka wanke shi sannan ya fito. Yau babu Umar a Abuja, kowa ya sani. Amma wannan bai sauke wa wanda aka zalunta nauyin yin tafiyar ba.

Kada kuma a yaudari kowa, rashin gardama ba laya ba ce. Baba Fugu, surukin Muhammad Yusuf, dattijo mai shekara sama da 70, da ƙafarsa ya kai kansa wurin 'yan sanda a Maiduguri a wancan mako na 2009, bai dawo gida ba. Amma da yake babu mai iya cewa ya yi gardama, kuma 'ya'yansa ba su yi shiru ba, a 2010 babbar kotun Borno ta yanke cewa kisan ba bisa ƙa'ida ba ne, ta ce a biya diyyar Naira miliyan 100, gwamnatin jihar ta biya a farkon 2012. Haka matasan nan shida a Abuja, maza biyar 'yan kasuwar kayan gyaran mota ta Apo da mace ɗaya, waɗanda 'yan sanda suka kashe a Yunin 2005, suka ajiye makamai kusa da gawarwakin, suka ce 'yan fashi ne. Abokan kasuwancinsu suka ƙi yarda, suka nace har gwamnatin Obasanjo ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Olasumbo Goodluck, inda wasu daga cikin 'yan sandan suka fasa ƙwai da bakinsu. Shari'ar ta ci kusan shekara 12. A Maris 2017 aka yanke wa ƙananan 'yan sanda biyu hukuncin kisa, aka sallami uku, ciki har da Mataimakin Kwamishinan da aka tuhuma, wanda ya koma aiki aka ƙara masa girma. DPO ɗin kuwa tun 2005 ya sulale daga inda ake tsare da shi. Adalcin bai cika ba, amma ba don nacin 'yan kasuwar ba da har yau sunan mutum shidan nan 'yan fashi.

Yanzu ga abin da doka ta ɗora wa ɗan sanda, wanda ya kamata kowane ɗan'uwa ya haddace kamar lambar wayarsa. Dole ne ya gaya wa wanda ya kama dalilin kamun, ya sanar da shi cewa yana da damar yin shiru har sai ya ga lauya ko wani wanda ya zaɓa, a kuma sanar da danginsa inda yake ba tare da an karɓi ko kwabo ba. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce cikin awa 24 a rubuta masa dalilin tsare shi da harshen da yake ji, a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Wane caji ofis ne a cikin birnin Kano ko Kaduna ko Zariya ko Sakkwato ya yi nisan kilomita 40 da kotu? Amma an fi son kamun Juma'a da yamma, don an san sai Litinin kotu za ta zauna, kwanakin da ke tsakani kuma su ne kasuwar beli. Belin nan kuwa kyauta ne, a bangon ofisoshinsu ma an rubuta haka da manyan baƙaƙe, a ƙarƙashin rubutun ake cinikin.

Dokar Tafiyar da Shari'ar Laifuka ta 2015, wadda Kaduna ta yi irin tata a 2017, Kano a 2019, da Dokar 'Yan Sanda ta 2020, duk sun haramta kama wani a madadin wani. Wato al'adar nan ta a zo neman yaro ba a same shi ba a tafi da tsohonsa, ko matarsa da goyo, wai sai ya kawo kansa, garkuwa da mutane ce cikin kakin gwamnati. Musulmi bai jira majalisa ta koya masa wannan ba, domin lokacin da 'yan'uwan Annabi Yusuf suka roƙi a riƙe ɗayansu a saki ƙaninsu saboda tsufan mahaifinsu, ƙi ya yi, ya nuna musu cewa riƙe wanda ba a sami kayan a wurinsa ba zalunci ne. Dokokin sun kuma hana kama mutum a kan bashi, amma caji ofis ya zama wurin karɓar bashi, mai kuɗi ya kai ƙara, a rufe talaka, a cire kaso. Dokar 2020 ta ce shigar mutum ko askinsa ba sa zama dalilin zato. Taro da jerin gwano kuwa, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke tun 2007, a shari'ar da ta samo asali daga taron ANPP da aka tarwatsa da barkonon tsohuwa a Kano a 2003, cewa ba sai da izinin 'yan sanda ake yin su ba. Mai dokar barci dai ya ɓuge da gyangyaɗi.

Wurin da aka fi cutar matasa shi ne teburin sitatimen. Yaro bai iya Turanci ba, ɗan sanda ya rubuta abin da ya ga dama, a ce ya sa hannu a sake shi, ko a rataye shi sai ya sa, kuma da wannan takardar za a ɗaure shi. Doka ta ce a ɗauki bayani a gaban lauya, ko jami'in hukumar ba da lauyoyi kyauta, ko wani wanda shi ya zaɓa, a kawo tafinta ya karanta masa, idan amsa laifi ne a ɗauka a bidiyo, kuma a 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa wannan wajibi ne. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 25 ga mai azabtarwa, ta kuma ce umarni daga sama ba uzuri ba ne. Ɗan'uwa ya ba da sunansa da adireshinsa, sauran ya ce sai lauyansa ya zo. Kada ya yi ƙarya, kada ya sa hannu a abin da bai fahimta ba, kada ya ambaci sunan kowa don ya sami sauƙi. Idan azaba ta kai shi ga sa hannu, Allah Ya san halin wanda aka tilasta, amma ya faɗa wa alƙali a zaman farko, ya buɗe riga ya nuna tabon.

Suna da hanyar zagaye kwana ɗaya da kwana biyun nan. Tsarin mulki ya cire wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne daga wannan ƙa'ida, don haka sai a liƙa wa mutum fashi da makami, a kai shi gaban majistaren da ba shi da hurumin shari'ar, a ajiye shi a kurkuku ana jiran shawarar ma'aikatar shari'a, fayil ya ɓace, mutum ya tsufa. Shi ya sa kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke, ba a same su da laifin komai ba. Duniya ta ga inda ɗabi'ar liƙa babban laifi ta kai a ranar Juma'a 1 ga Nuwamba, 2024, lokacin da aka shigo da mutum 76 Babbar Kotun Tarayya a Abuja, daga cikin waɗanda aka kamo a Kano da Kaduna a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta. Da yawansu yara ne ƙanana, sun yi kusan wata uku a tsare, haƙarƙarinsu a waje, huɗu suka yanke jiki suka faɗi a cikin kotu. Cin amanar ƙasa aka tuhume su da shi, aka sa belin kowanne Naira miliyan 10. Da hotunan suka zagaya kunya ta kama mahukunta, Shugaba Tinubu ya ba da umarni a sake su, ranar 5 ga Nuwamba aka kori ƙarar mutum 119, aka kai su fadar shugaban ƙasa aka miƙa su ga gwamnoninsu. Gwamnatin Kaduna ta raba wa nata Naira dubu 100 da wayar hannu. To sashe na 35 bai yi maganar kyauta ba, cewa ya yi wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman gafara a bainar jama'a. An ce za a binciki jami'an da suka yi kamun da tsarewar. Wa aka tuɓe wa kaki? Wa ya tsaya a inda yaran nan suka faɗi?

Wannan hali gado ne. Rundunar da Turawan mulkin mallaka suka fara da 'yan gadi 30 a Ikko a 1861, suka haɗe ta wuri ɗaya a 1930, don tsaron gwamna da kamfani da karɓar haraji aka kafa ta. 'Yan dokan En'e suka ci nasu zamanin a kan 'yan NEPU, sojoji suka zo da Doka ta Biyu ta 1984, mai ba da ikon tsare mutum ba tuhuma ba kotu, aka yi ta aiki da ita har 1999. An soke dokar, amma waɗanda aka horar a ƙarƙashinta su suka horar da na yau.

Hanyoyin kai kuka suna nan, ko da yake duk an zuba musu ƙaya. Akwai Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, mai ikon ladabtar da kowane ɗan sanda ban da Sufeto Janar. Akwai sashen karɓar koke na rundunar da aka buɗe a 2015, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Mafi ƙarfinsu ita ce ƙarar neman haƙƙi kai tsaye a babbar kotu, wadda ƙa'idojin 2009 suka sauƙaƙa, har wani yana iya shigar da ita a madadin wanda ke tsare, kuma ba a cewa lokacinta ya wuce. Ƙayar ita ce ko an ci shari'a, wata tsohuwar doka ta ce ba a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati sai da yardar Antoni Janar, wato sai wanda ake bi bashi ya ga damar biya. Umarnin kotu kansa ana take shi. A Disamba 2016 Babbar Kotun Tarayya ta ce a saki Shaikh Ibraheem Zakzaky da mai ɗakinsa cikin kwana 45 a biya su Naira miliyan 50, ba su fito ba sai Yulin 2021, bayan wata kotun a Kaduna ta wanke su. A lokacin zanga-zangar Oktoba 2020 aka rusa SARS, aka ce kowace jiha ta kafa kwamitin sauraron koke. Na Legas ya raba diyyar sama da Naira miliyan 400. Kano da wasu jihohin Arewa ko kafawa ba su yi ba, hasali ma a nan Arewa har an sami masu fitowa suna cewa a bar SARS, sai ka ce 'ya'yansu ba su taɓa kwana a hannunta ba.

Aikin ke nan ya dawo kan waɗanda ke waje, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Kowace da'ira ta ware mutum biyu ko uku da aikinsu ke nan, da littafi guda, da lambar lauya. Wanda ya ga an kama ɗan'uwa ya riƙe lokaci da wuri, da sunan da ke ƙirjin kakin, da lambar motar, da mutum biyu da suka gani da ido. In zai iya ɗaukar hoto daga nesa ba tare da ya tsaya musu a hanya ba ya ɗauka, ya tura wa wani nan take kafin a ƙwace wayar. Kakakin rundunar da kansa ya faɗa a 2023 cewa ɗaukar hoton ɗan sanda a bakin aiki ba laifi ba ne. A bi sawun motar a san inda ta shiga, domin wanda aka san inda yake ya fi wuyar ɓacewa. Caji ofis a je da dattijo da lauya, ban da gayya, ban da kabbara a ƙofa, a tabbatar an rubuta sunansa a littafin ofis. Kuɗin da aka saba harhaɗawa don beli a mayar da shi asusun lauya da asibiti. Zai yiwu ƙin biya ya sa ɗan'uwa ya ƙara kwana ɗaya ko biyu a sel, wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma ba a zargin uwar da ta sayar da akuyarta don ta fito da ɗanta mara lafiya. Amma in ya fito, a wuce da shi asibiti kafin gida, a karɓi takardar likita, a ɗauki hoton raunukan, a rubuta koke a ajiye kwafi, a shigar da ƙara da sunan shi ɗan sandan da ya yi dukan tare da na ofishinsa.

Wannan ba kariya ba ce ga ɓarawo ko ɗan daba ko mai ƙwacen waya. Wanda ya cuci mutane a kama shi, a kai shi gaban alƙali, jama'a ma su ba da shaida. Ba kuma kowane mai kaki ne azzalumi ba. A cikinsu akwai waɗanda ake haɗa sahu da su a masallacin Juma'a, albashinsu ba ya kai su ƙarshen wata, barikinsu na yoyo, 'yan bindiga na kashe su a daji a bar matansu da bin haƙƙinsu ofis ofis. Irin waɗannan su tuna cewa a shari'ar Apo ƙananan ne aka yanke wa kisa. Ran da asiri ya tonu mai ba da umarni ta waya ba ya cikin akwatin tuhuma, balle ranar da babu waya babu oga, kowa da littafinsa a hannu.

Saura waɗanda ba su da kowa. A sel da yawa akwai ɗan ci-rani, da almajirin da ya girma, da ɗan acaɓa, da Kiristan da ya zo neman abinci daga wata jiha, waɗanda babu mai zuwa tambayarsu, wasu ma danginsu sun ɗauka sun mutu. Ɗan'uwan da Allah Ya fito da shi ya fito da sunayensu da garuruwansu a kansa, ya ba masu littafi. Doka ta wajabta wa babban majistare ya ziyarci caji ofisoshin yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba littafin kamu, ya ba da belin wanda ya cancanta, ta kuma wajabta wa DPO ya kai masa jerin duk waɗanda aka kama ba da takarda ba a ranar aiki ta ƙarshe ta kowane wata. Masu littafi su je wurin rajistaran kotun yankinsu a wannan makon, su tambayi ranar da majistare ya kai ziyararsa ta ƙarshe da ranar da zai kai ta gaba, su miƙa masa sunayen kafin ranar.